Lon Chaney, Mai Fuska Dubu

An haifi Lon Chaney ranar 1 ga Afrilu, 1883, a garin Colorado Springs na ƙasar Amurka. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duka kurame ne, don haka tun yana yaro da hannu da ido da motsin fuska yake zance a gida. Wannan ne ya zame masa jari da ya bar wasan daɓe ya shiga harkar fim, a zamanin da finafinai ba su da sauti.

A lokacin babu kwamfuta, kuma galibi ɗan wasa shi ke yi wa kansa kwalliya. Chaney yakan zo da ɗan akwatinsa mai ɗauke da fenti da danƙo da auduga da haƙoran roba, ya zauna gaban madubi ya sauya kamanninsa. Daga nan aka laƙaba masa Mai Fuska Dubu.

Jikinsa ne ya sha wuyar wannan sana'a. A fim ɗin The Penalty na 1920 ya fito a matsayin shugaban 'yan fashi da aka yanke wa ƙafafu. Sai ya naɗe ƙafafunsa ta baya, ya ɗaure su tamau, yana tafiya a kan gwiwoyi, saboda azaba ba ya iya jimawa a haka. A 1923 ya zama Quasimodo, mai ƙusumbin nan na littafin Victor Hugo. A 1925 kuma ya fito a The Phantom of the Opera, daga labarin Gaston Leroux, inda ya ɗage hancinsa da waya, ya zagaye idanunsa da baƙin fenti, har fuskar ta koma kamar ƙoƙon kan gawa. An ɓoye wannan fuska ga jama'a har ranar da aka fara nuna fim ɗin.

Sai dai ba tsoro kaɗai yake sa wa masu kallo ba. Dodanninsa mutane ne da jama'a ta ƙyamata saboda halittarsu, masu son a so su, ba sa samu. Mai kallo yakan fara da razana, ya ƙare da tausayi.

Fim ɗaya tak ya yi mai sauti, The Unholy Three na 1930, inda ya yi magana da muryoyi biyar. Makonni kaɗan bayan fitowarsa, ranar 26 ga Agusta, 1930, cutar daji ta kashe shi yana da shekara 47.

Da yawa daga finafinansa sun ɓace, ciki har da London After Midnight na 1927. Akwatin kwalliyarsa yana ajiye a gidan tarihi a Los Angeles. Kabarinsa kuwa, a maƙabartar Forest Lawn da ke Glendale, ba a rubuta suna a kansa ba.