Lokotoro Wu Lien-teh (1879-1960): likitan da ya yaƙi annoba da ƙyalle da auduga

Ranar 19 ga watan Maris 2020 hukumomin Nijar suka bayyana mutum na farko da ya kamu da cutar korona a cikin ƙasa. Ba a jima ba teloli a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa suka hau kekunansu suna ɗinka takunkumin rufe hanci da baki, kamar yadda ƴan uwansu suka yi a sauran ƙasashen duniya. Jama'a da yawa sun ɗauki abin a matsayin baƙon al'amari, alhali kuwa ya girmi kakannin masu ɗinka shi. Shekara 110 kafin nan, a arewacin ƙasar Sin, wani matashin likita ya sa aka ɗaura ma ma'aikata da marasa lafiya takunkumi a lokacin wata babbar annoba. Sunansa Wu Lien-teh.

Haihuwa da karatu

An haifi Wu ranar 10 ga watan Maris 1879 a tsibirin Penang, wanda yake cikin ƙasar Maleziya ta yanzu. A wancan zamani tsibirin yana hannun Ingila. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne, wanda ya yi ƙaura daga kudancin Sin don neman abinci. Yaron ya nuna hazaƙa tun yana ƙarami. A 1896 ya ci jarrabawar da ke ba ɗalibi kuɗin karatu a Ingila, ya shiga jami'ar Kambirij. Shi ne mutum na farko mai asalin Sin da ya karanta aikin likita a wannan jami'a. Ya ci gaba a asibitin Saint Mary ta Landan, sa'an nan ya ƙaro ilimin ƙwayoyin cuta a Libaful, da birnin Halle na Jamus, da cibiyar Pasteur ta Paris.

A 1903 ya koma gida. Ya yi bincike a Kuwala Lumfur, daga baya ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Penang. Nan ya ga ɓarnar da ofiyom ke yi ma leburori. Ofiyom wani abin sa maye ne da ake zuƙa kamar taba, kuma gwamnatin mulkin mallaka tana samun kuɗi masu yawa daga cinikinsa. Wu ya kafa ƙungiyar yaƙi da shi. Wannan ya jawo masa ƙiyayyar manya. A 1907 aka binciki ɗakinsa, aka tarar da ɗan ruwan ofiyom kaɗan irin wanda likitoci ke ajiyewa don magani, aka gurfanar da shi gaban shari'a, aka ci shi tara. Bayan haka ya karɓi kiran gwamnatin Sin, ya zama mataimakin shugaban makarantar likitocin soja a birnin Tiyanjin.

Annobar Mancuriya

A watan Oktoba 1910 wata cuta ta ɓulla a garin Manjuli, bisa iyakar Sin da Rasha, cikin yankin da ake kira Mancuriya. Ta fara ne a cikin mafarautan wata dabbar rami mai kama da kurege, amma ta fi shi girma, ana ce mata tarbagan. Fatarta ta yi kuɗi a kasuwannin Turai, saboda haka dubban baƙi da ba su san daji ba suka shiga farautarta, har suna kama marasa lafiya a cikin dabbobin. Da dare su kwana cunkushe a masaukai, ƙofofi da tagogi a rufe saboda sanyi.

Wanda cutar ta kama sai zazzaɓi, sai tari, sai kakin jini. Cikin kwana biyu ko uku ya mutu, fatarsa ta yi duhu. Kusan babu mai tashi. Jirgin ƙasa ya ɗauki cutar ya kai ta birnin Harbin, kuma lokacin ya zo daidai da ƙaratowar sabuwar shekarar Sinawa, sa'ad da leburori ke komawa garuruwansu na kudu.

Bayan batun lafiya akwai batun mulki. Rasha ce ke riƙe da hanyar jirgin ƙasa ta arewa, Japan tana riƙe da ta kudu. Fadar Pekin ta ji tsoron kada ƙasashen biyu su fake da annoba su ƙwace yankin. Don haka ma'aikatar harkokin waje ta aika da Wu. Ya sauka Harbin ranar 24 ga Disamba 1910 tare da ɗalibinsa guda. Shekarunsa 31, kuma harshen arewacin Sin bai zauna a bakinsa ba, sai ɗalibin ya riƙa yi masa tafinta.

Abin da gawa ta nuna

Likitocin zamanin sun san cutar da Faransawa ke kira peste, watau annobar ɓera. Alexandre Yersin ya gano ƙwayarta a Hong Kong a 1894, Paul-Louis Simond kuma ya nuna a 1898 cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta sa ma mutum. Alamarta kaluluwa ce mai kumbura a matsematsi ko a hammata. Saboda wannan sani, duk inda aka ji sunan cutar sai a dukufa ga kisan ɓeraye.

Kwana uku bayan saukarsa, Wu ya fede gawar wata mata ƴar Japan da ta mutu a Fujiyadiyan, unguwar Sinawa ta Harbin. Al'ada da dokar ƙasar ba su yarda da fiɗar gawa ba a lokacin, amma ya yi. Da ya duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta, sai ya tarar da ƙwayar Yersin cike da huhu da jini. Nan ya gane cewa ƙwayar ɗaya ce, amma hanyarta ta sake. Ba ta bukatar ɓera ko ƙuma. Daga huhun mutum take fita cikin feshin tari, ta shiga huhun wanda ke kusa da shi. Ya buga waya Pekin ya nemi a tsai da jiragen ƙasa, a ware marasa lafiya, a kuma rufe hanci da baki.

Yadda ake yin takunkumin

Ba Wu ne ya ƙago takunkumi ba. Tun 1897 likitocin fiɗa irin su Mikulicz a Breslau da Paul Berger a Paris suna rufe baki, don kada numfashinsu ya ɓata mikin wanda suke yi ma aiki. Abin da Wu ya yi shi ne ya juya manufar: takunkumin ya kare mai ɗaure da shi daga numfashin marar lafiya. Don haka ya ƙara masa kauri.

Ana yanko ƙyallen nan mai shara-shara da ake ɗaure miki da shi, tsawonsa kusan mita ɗaya. A shimfiɗa auduga mai kauri, faɗin tafin hannu, a tsakiyarsa, a naɗe ƙyallen bisa audugar ta zauna a ciki. Sai a tsaga kowane gefe ya zama igiyoyi. A ɗora audugar bisa hanci da baki, a ɗaure igiyoyin sama ta bisa kunne, na ƙasa ta ƙarƙashin kunne, duka a ƙeya. Ba a bukatar keken ɗinki, ba a bukatar ma'aikata. Almakashi ya isa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗaurin yana da ƙarfi, ta yadda iskar hunturu ba ta tuɓe shi, hannuwan ma'aikaci kuma suna sake don aiki.

Rasuwar Lokotoro Mesny

A farkon Janairu 1911 wani babban likita Bafaranshe, Gérald Mesny, malami a wata makarantar likitoci ta Tiyanjin, ya iso Harbin. Ya girmi Wu, ya kuma taɓa yaƙi da annobar ɓera. Bisa labarin da Wu ya bayar a littafin rayuwarsa, Mesny ya ƙi yarda da batun iska, ya raina shi saboda ƙuruciya da asalinsa, ya nemi a ba shi shugabancin aikin. Wu ya miƙa ma Pekin takardar barin aiki. Pekin ta ƙi karɓa, ta tabbatar masa da matsayinsa.

Ranar 5 ga Janairu Mesny ya ziyarci asibitin annoba ta Rashawa. Ya sa riga, da hula, da safar hannu, amma bai rufe fuska ba. Ya duba marasa lafiya, ya kusanci ƙirjinsu. Bayan kwana uku zazzaɓi ya kama shi, ranar 11 ga wata ya rasu. Mutum ne da ya zo da kansa wurin da wasu ke gudu, ilimin da ya dogara gare shi kuma na gaskiya ne, sai dai na wata irin annoba ce dabam. Rasuwarsa ta girgiza birnin. Daga ranar, likitoci, da ƴan sanda, da sojoji, da masu ɗaukar gawa, da mutanen gari suka rungumi takunkumi.

Sauran matakai

Takunkumi shi kaɗai bai kashe annobar ba, Wu kuma bai tsaya gare shi ba. An raba Fujiyadiyan kashi huɗu, ba mai ƙetarewa sai da izini, ma'aikata suna bi gida gida kullum. Waɗanda suka yi cuɗanya da marar lafiya ana tsare su ƴan kwanaki cikin taragun jirgin ƙasa da aka aro daga Rashawa. An tsai da zirga-zirgar jirage a cikin watan Janairu.

Matsala mafi nauyi ita ce ta gawawwaki. Sanyi ya daskarar da ƙasa, ba a iya gina kabari. Akwatuna da gawawwaki wajen 2.000 suna jere a fili. Wu ya ga babu mafita sai a ƙone su, abin da Sinawa ke ɗauka babban wulakanci ga iyaye da kakanni. Bai yi gaban kansa ba. Ya kai shugabannin gari suka gani da idonsu, suka sa hannu tare da shi, aka nemi izinin fadar sarki. Da izini ya zo, aka yi aikin a ƙarshen Janairu. Daga nan yawan masu mutuwa ya yi ta raguwa. A farkon Maris 1911 Harbin ta wayi gari babu wanda cutar ta kashe. A duk yankin, annobar ta ci mutum wajen 60.000.

A watan Afrilu na shekarar aka yi taron likitocin ƙasashe 11 a birnin Mukden, wanda ake kira Shenyang yanzu, kuma Wu ne ya shugabance shi. Hotunan ma'aikata sanye da fararen takunkumai suka bazu a duniya.

Daga Harbin zuwa sauran duniya

A 1918 wata mura mai tsanani ta game duniya, har ta iso Afirka ta Yamma. Masana da yawa sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen miliyan 50. Wannan karon birus ne, wanda ya fi ƙwayar annobar ɓera ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma shi ma cikin feshin numfashi yake tafiya. Sai aka koma ga dabarar Mancuriya. A Amurka matan ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge suka yi ta haɗa takunkuman ƙyalle, birnin San Faransisko kuma ya kafa dokar ɗaura su a watan Oktoba 1918. Amfanin bai kai yadda aka yi fata ba, domin da yawa an yi su da ƙyalle marar kauri, wasu kuma suna ɗaurawa a titi su kwance a cikin ɗaki, inda haɗarin ya fi yawa. Takunkuman zamani irin su FFP2 ana yin su da zaren roba mai kama ƙananan ƙwayoyi, sun fi na Wu tacewa ƙwarai, amma manufar ita ce tasa.

Sauran rayuwarsa

A 1912 aka naɗa Wu shugaban hukumar rigakafin annoba ta arewacin Mancuriya. Ya gina asibitoci da wuraren ware marasa lafiya. Da cutar ta komo a 1920 zuwa 1921, ta tarar da shiri, waɗanda suka mutu ba su wuce wajen 9.000 ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin Sin a 1915. A 1926 ya kafa makarantar likitoci a Harbin, ya kuma wallafa babban littafi a kan annobar huhu a ƙarƙashin Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani. A 1930 ya zama shugaban hukumar binciken lafiya a tashoshin jiragen ruwa na Sin, aikin da a da yake hannun baƙi. A 1935 aka gabatar da sunansa don kyautar Nobel ta aikin likita, amma ba a ba shi ba.

Yaƙi ya rushe masa aiki. Japan ta mamaye Mancuriya a 1931, ta kuma afka ma Shanghai a 1937, gidansa na can ya lalace. A wannan shekara matarsa ta rasu. Ya koma Malaya, ya buɗe ƙaramin ɗakin duba marasa lafiya a garin Ipoh, inda ya riƙa duba talakawa kyauta. A 1959 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. Ya rasu a Penang ranar 21 ga Janairu 1960, yana da shekara 80.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A Harbin ma babu maganin, domin magungunan da ke warkar da wannan cuta sai bayan shekara 30 da ɗoriya aka samo su. Abin da Wu ke da shi kawai shi ne sanin hanyar da cutar ke bi, da ƙyalle da auduga da kowane hannu ke iya haɗawa, da hukumar da ta saurare shi ko da yake yaro ne a cikin manya.