Reginald Mitchell, Mai Tsara Jirgin Spitfire (1895–1937)

An haifi Reginald Joseph Mitchell ranar 20 ga Mayu, 1895, a kusa da Stoke-on-Trent da ke Ingila. Yana ɗan shekara 16 ya shiga koyon aiki a masana'antar Kerr Stuart mai ƙera kawunan jirgin ƙasa, da dare kuma yana karatun lissafi da zanen inji. A zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma kamfanin Supermarine a Southampton, inda aka naɗa shi babban mai tsara jirage a 1919.

Sunansa ya fara fita ne ta gasar Schneider ta jiragen sama masu sauka a kan ruwa, wadda jiragensa suka lashe a 1927 da 1929 da 1931. Sai dai jirgin yaƙin da ya tsara, Type 224, wanda ya tashi a 1934, bai kai gudun da ake bukata ba. Tun a 1933 kuma an yi wa Mitchell tiyatar sankarar hanji. Duk da haka ya sake zane tun daga tushe.

Sabon jirgin, wato Spitfire, ya fara tashi ranar 5 ga Maris, 1936. An ɗora masa injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce. Fukafukansa sirara ne don gudu, amma masu faɗi ta yadda za su ɗauki ƙafafun sauka da bindigogin Browning guda takwas. A watan Yunin shekarar gwamnatin Birtaniya ta ba da odar guda 310. Cutar ta dawo wa Mitchell, ya rasu ranar 11 ga Yuni, 1937, yana da shekara 42, tun kafin jirgin ya shiga hannun sojin sama a 1938.

Ingancin zanen ya bayyana ne bayan rasuwarsa, domin ya karɓi sauye-sauyen da yaƙi ya tilasta. Joseph Smith, wanda ya gaje shi, shi ya jagoranci wannan aiki. Da aka ga ƙananan harsasan Browning ba sa saurin kakkaɓo jiragen Jamus masu sulke, sai aka sa wa jirgin igwar Hispano mai milimita 20. Da jirgin Focke-Wulf 190 ya fi ƙarfin samfurin Mark V, aka fito da Mark IX a 1942 da injin Merlin 61, wanda ba ya rasa ƙarfi a can ƙololuwar sama. Daga bisani injin Griffon ya kai Mark XIV ga ƙarfin doki sama da 2,000, wato ninki biyu na samfurin farko.

Kafin a daina ƙera shi a 1948, an fitar da Spitfire fiye da 20,000. Mitchell kuwa jirgin gwaji guda ɗaya kaɗai ya gani a sama.