Percy Girouard (1867–1932) da Layin Dogo na Baro zuwa Kano

An haifi Édouard Percy Cranwill Girouard a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 26 ga Janairu, 1867. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne wanda daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙoli ta ƙasar. Ya kammala Kwalejin Soja ta Kingston a 1886, ya yi shekara biyu yana aikin shimfiɗa layin dogo, sannan ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya a 1888.

A Sudan sunansa ya fito. Lokacin da Kitchener ya ɗaura yaƙi da Mahdiyyawa a 1896, sai ya danƙa masa tsohon layin da ya taso daga Wadi Halfa, wanda aka fara tun zamanin Khedive Isma'il, Mahdiyyawa kuma suka tumɓuke shi. Girouard ya farfaɗo da shi, ya kai shi Kerma. A 1897 ya keta hamadar Nuba da sabon layi zuwa Abu Hamed, aikin da masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba saboda rashin ruwa. Faɗin layin ƙafa uku da inci shida ne, irin na Afirka ta Kudu. Reshen Kerma kuwa, da yaƙi ya ƙare buƙatarsa ta kau, aka yi watsi da shi cikin 'yan shekaru. Bayan nan ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa ta Masar, ya kuma riƙe jiragen soja a Yaƙin Boer.

Wannan suna ne ya sa aka aiko shi Arewacin Nijeriya a 1907 ya gaji Lugard. Abin da Landan ke so a fili yake: layi mai arha daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, domin audugar ƙasar Hausa ta isa masaƙun Lancashire. Girouard ya tsara aikin, John Eaglesome ya ja ragamarsa a fage, aka kuma ɗauki ma'aunin nan na Sudan. Tsawon layin ya haura mil 350, ya ratsa Minna da Kaduna da Zariya, ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas.

Arhar da ake yaba masa a kai tana da tushe. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗibar talakawa daga ƙasashen Nufe da Gwari da Zazzau da Kano, kowane gari da adadin da aka yanka masa, su bar gonakinsu su yi makonni suna haƙa da ɗaukar ƙasa. Ana biyansu da kuɗin Bature, waɗanda mafi yawansu haraji ke sake kwashewa. Rahotannin gwamnati sun kira wannan tsari da sunaye masu laushi, amma aikin tilas ne. Manazarta adabin Hausa sun san zamanin ta wata kafar, wato Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, kuma ita kanta kalmar diga a wajen irin wannan aiki ta zauna a bakin Hausawa.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba, domin a 1909 aka mayar da shi gwamnan Gabashin Afirka, wato Kenya ta yau. Kafin ya tashi ya assasa binciken da ya haifar da dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sanya filayen Arewa a hannun gwamna. A Kenya ya tayar da Masai daga Laikipia, rikicin da ya biyo baya da Ofishin Mulkin Mallaka ya sa ya ajiye aiki a 1912. Ya koma kamfanin makamai na Armstrong Whitworth, ya ɗan riƙe sashen samar da harsasai a 1915, ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumba, 1932.

Layin nasa bai bi hanyar da ya zana masa ba. Manoman Kano sun fi ganin riba a gyaɗa, tun daga 1912 ita ta cika taragai. Fasinja, wanda ba shi aka sa gaba a lissafin farko ba, shi ya rungumi jirgin: fatake da maniyyata da 'yan ci-rani, har Sabon Gari ya tsiro a Zariya da Kano. Da layin Legas ya haɗu da nasa a Minna, aka kuma gama gadar Jebba, sai kaya suka daina bin kogi, reshen Baro ya yi ta mutuwar tsaye kamar na Kerma. An dawo da jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano a Disamba 2012 a kan tsohon ma'aunin milimita 1,067, alhali layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. A Janairu 2019 aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa a Baro, ba tare da jirgin ƙasan da zai kai mata kaya ba.