Likita Mila na Zariya, Madugu Mai Haƙuri

Ya kai mai karatu, ko a Talata Mafara kake, ko Bakura, ko Maradun, ka sani ayari ba ya ƙetare gulbi sai da madugu mai haƙuri. Dubi Likita Walter Miller, wanda aka haifa a Ingila a 1872. Kafin ya shigo ƙasarmu sai da ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa, gama ba a jan ragamar mutanen da ba a jin bakinsu. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallame shi da abokan tafiyarsa, amma bai bar aikin ba. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, yana magani, yana koyar da yara. Sa'ad da aka mai da aikin Wusasa a 1929, bai mutu ba, domin a zukatan almajirai aka dasa shi. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, shi ne kuwa babban mai fassararsa. Ya rasu a 1952.

Kai fa, in an danƙa maka 'yan'uwa ko da biyar ne, saurare su, ka jimre, ka shirya magaji tun da ranka. Ubangiji ya taimake ka.