Malam Abdullahin Gwandu: Darasin Haɗiye Fushi Ga 'Ya'yanmu

Wanda ya bi ta Ƙofar Ɗan Agundi lokacin tashin makarantar allo ba zai rasa ganin yara biyu sun cakume da faɗa ba. Maganinmu kullum bulala, alhali kuwa bulala ba ta koya wa yaro abin da zai yi da zuciyarsa in ta tafasa. Rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, tana koyar da wannan.

An haife shi wajen 1766, ya yi karatu wurin wansa da kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shi ne ya jagoranci rundunar Jama'a a Tabkin Kwatto cikin 1804. Amma wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mayaƙa, sai ransa ya ɓaci ƙwarai. Bai ta da fitina ba. Janye jiki ya yi, ya nufi gabas da niyyar Hajji. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya. Nan ya karantar da tafsiri, ya wallafa Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya koma wurin Shehu. Ɓacin ran nan kuwa bai ɓoye shi ba, ya bayyana shi cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1817. Shehu ya rasu, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar da ƙofa a rufe. Ya juya bai zare takobi ba. Bayan 'yan shekaru, da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, sai baffan ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, zumunci ya koma daidai. Ya rasu wajen 1829, kabarinsa na Gwandu.

To, iyaye da malamai, ga abin koyi. In yaro ya fusata, a bar shi ya faɗi abin da ke cin ransa, a janye shi daga wurin rigimar, a sa shi alwala ko wani aiki mai amfani. In ya huce, a kai shi su shirya da abokin faɗansa.

Allah ya jiƙan Malam, ya shirya mana zuri'a, amin.