Bishop Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Zama Shugaban Majami'a

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ya san babbar majami'ar nan ta Marina, amma ba kowa ya san tarihin mutumin da aka mayar da ƙasusuwansa can a 1976 ba, watau Bishop Samuel Ajayi Crowther.

An haifi Ajayi a garin Osogun cikin ƙasar Yarbawa wajen 1809. A 1821 mahara suka ci garinsu suka kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun Turawan Fotugal. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayin, aka sauke shi a Firitawun ta ƙasar Saliyo, bai san kowa ba. Can aka yi masa baftisma a 1825, ya zama ɗalibi na farko a kwalejin Fourah Bay a 1827. Bai sake ganin mahaifiyarsa ba sai a Abeokuta a 1846.

Shi ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. Ya bi jiragen da suka hau kogin Kwara a 1841 da 1854 da 1857, ya kafa mishan a Anacha da wajajen Lakwaja, ya kuma rubuta littafin nahawun Nufanci. A 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari, baƙar fata na farko da ya sami wannan muƙami a ɗarikar Angilikan.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne halin zamansa da mutane. In ya shiga gari sai ya fara gaida sarki, ya koyi harshen mutanen wurin, ba ya zagin addinin kowa. Da haka ya sami amincewar Etsu Masaba na Bida, wanda Musulmi ne, har suka daɗe suna hulɗa cikin mutunci.

Amma ƙarshensa bai yi daɗi ba. Waɗansu samarin Turawan mishan suka zo suna ganin tsohon ya cika sassauci. A wani taro a Anacha a 1890, a gaban idonsa suka dakatar da fastocinsa baƙar fata, har da ɗansa Dandeson. Bai daɗe ba ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Bature aka ba kujerarsa.

Sai a 2014, shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Kantabari Justin Welby ya fito fili ya nemi gafarar wannan wulakanci. Samarin da suka ƙasƙanta shi kuwa an manta da yawancinsu, alhali akwai jami'a a Oyo mai ɗauke da sunansa tun 2005. Mahaƙurci mawadaci, ko da bayan ransa ne.