Fada Jacques, Shugaban Makarantar Avon

Mu da aikinmu ya haɗa mu da makaranta da ofis mun saba da littafin rajista, har ba mu ɗauke shi bakin kome ba. Amma akwai zamanin da suna guda cikin rajista yana iya jawo wa yaro mutuwa. Ga labarin wani malami wanda ya yi aiki a zamanin nan.

Sunansa na yanka Lucien Bunel. An haife shi a Barentin, arewacin Faransa, cikin 1900, iyayensa talakawa ne, ubansa yana aiki a masaƙa. Ya zama limamin Katolika cikin 1925, sa'an nan ya shiga ƙungiyar Karmel, inda aka riƙa kiransa Fada Jacques. Cikin 1934 ya buɗe makarantar kwana ta samari a Avon, kusa da Fontainebleau, ya zama shugabanta. Ra'ayinsa kuwa shi ne a yarda da yaro, a ba shi amana, ya fi a yi ta horonsa da tsoro.

Da Jamusawa suka ci Faransa cikin 1940, sai aka kafa wa Yahudawa dokoki masu tsanani. Aka kore su daga aikin gwamnati, daga baya aka shiga kamasu ana turawa gabas cikin jirgin ƙasa. Cikin 1943 Fada Jacques ya karɓi yara Yahudawa uku, ya rubuta su da sunayen aro, suna ci suna kwana tare da sauran 'yan makaranta. Ya kuma ɗauki wani malamin kimiyya Bayahude wanda doka ta raba da aikinsa. Ya san sarai abin da zai same shi in asiri ya tonu.

Asirin kuwa ya tonu, don wani ya kai tsegumi. Ran 15 ga Janairu 1944 'yan Gestapo, watau 'yan sandan ciki na Hitila, suka dira makarantar, suka tafi da shi da yaran uku, aka rufe makaranta. Cikin Fabrairu aka kai yaran Auschwitz, can aka kashe su. Malamin kimiyya ma can ya ƙare.

Shi kuwa aka yi ta yawo da shi kurkuku kurkuku har Mauthausen da Gusen, cikin ƙasar Ostiriya. Waɗanda suka tsira sun ba da shaida yakan raba ɗan abincinsa ga marasa lafiya. Sojan Amurka suka buɗe sansanin cikin Mayu 1945, amma tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Linz ran 2 ga Yuni, yana da shekara 45. Cikin 1985 Yad Vashem ta Urushalima ta sa sunansa cikin waɗanda suka ceci Yahudawa.

To, cikin yaran da suka ga fitarsa ran nan akwai wani mai shekara 11, Louis Malle. Abin ya zauna a zuciyarsa shekara arba'in da wani abu, har cikin 1987 ya fito da sinima mai suna Au revoir les enfants, sunan da aka ɗauko daga sallamar da shugaban ya yi wa yaransa. Labarin abota ne tsakanin yaro Katolika da sabon ɗan ajinsu, wanda a hankali ya gane Bayahude ne. Ta ci babbar kyautar bikin sinima na Venice a shekarar nan.

Wani zai ce ai bai ceci ko ɗaya cikin ukun ba. Gaskiya ne. Amma kusan shekara guda sun sami aji da abokai, lokacin da hukuma ta haramta musu har zama da rai. Mu dai a ganinmu, duk yaron da malami ya rubuta cikin rajistarsa amana ne a wuyansa, ko ɗan wane ne, ko wane addini yake bi.